Taƙaitawar tattaunawar da muka yi: Majalisar Dokoki ta Ƙasa da hulɗar Najeriya da ƙasashen waje

1. Kusan kowa ya yarda mu daina ɗora harkar waje kan Shugaban Ƙasa kaɗai. Sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka sai Majalisa ta zartar da ita.

2. Batun Nijar ya fi jan magana. A Agustan 2023 sanatoci sun ƙi goyon bayan tura sojoji Nijar bayan juyin mulkin da aka yi a can, suka ce a bi sulhu. Masu dangi a Maraɗi da Ƙonni sun ba da shawarar mu riƙa tuntuɓar sanatocinmu kafin zaman Majalisa, kuma wallahi sun yi gaskiya.

3. An rabu kan Bakassi, yankin da Najeriya ta miƙa wa Kamaru. Wasu sun ce Majalisar Dattawa ta makara, don sai 2007 ta ƙi amincewa da miƙa yankin. Wasu sun ce hukuncin Kotun Duniya na 2002, wanda ya ba Kamaru yankin, ya riga ya ɗaure mata hannu.