Sabo da kaza ba ya hana yanka: tsakanin shugabannin Amurka da 'yan jarida, wane ne kazar?

Bazazzagi:
Assalamu alaikum. Gardama ce ta haɗa ni da abokin aikina jiya a ɗakin malamai, na ce bari in kawo ta gaban manya. Muna hira ne kan yadda Donald Trump, a watan Fabrairun 2017, bai ko cika wata guda a kan mulki ba, ya kira jaridar New York Times da wasu gidajen talabijin maƙiyan al'ummar Amurka. Abokin nawa ya ce ai dama zaman doya da manja ake yi tsakanin shugabannin ƙasar da 'yan jaridarsu. Ni kuma na ce karin maganar da ta dace ita ce "sabo da kaza ba ya hana yanka". Hujjata: mutumin nan da ke zaginsu a bainar jama'a, shi ne ya yi hira har sau 18 da Bob Woodward na Washington Post tsakanin 2019 da 2020, wani lokacin ma shi ke buga masa waya. Da littafin da Woodward ya rubuta a kansa ya fito, marubucin bai raga masa ba. To wa ya fi gaskiya, ni ko abokina?

Ɗan Zongo:
Wa alaikumus salam. Kafin a raba gardamar, ni ma ina da tawa. Tun ina yaro nake jin 'yan rediyo suna cewa "zaman doya da manja" idan ana nufin rashin jituwa, kuma har yau ban gane ba. Mu nan dafaffiyar doya da manja da ɗan gishiri da yaji abinci ne na marmari. Ina gabar take?

Malam Na Ƙofar Mata:
Ɗan Zongo, da bakinka kake auna maganar, ita kuwa da ido ake auna ta. Ka zuba manja a kan doya ka duba. Yana kwance a kanta, ya ɓata mata farinta, amma ka gutsura ka ga ciki, fari fat. Akushi ɗaya suke, ba wanda ya shiga jikin wani. Haka na ji daga dattawa, kuma haka nake fahimtarta: zaman dole, babu amana, babu rabuwa. In haka ne, abokin Bazazzagi bai yi nisa da gaskiya ba. Ɗakin da 'yan jarida ke zama a cikin Fadar White House yake, taku kaɗan daga ofishin shugaban ƙasa. Theodore Roosevelt ne ya ba su wuri a ciki tun farkon ƙarni na 20, shi ne kuma a 1906 ya tsaya ya kwatanta masu tone-tonen cikinsu da mai kwasar kazanta wanda ba ya ɗaga kai ya dubi sama.

Tsohon Edita:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ina bayan Bazazzagi. Doya da manja ba ta da wuƙa a ciki, tarihin mutanen nan kuwa duk wuƙa ne. Bari in ba ku labarin da nake ganin don shi aka yi karin maganar.

A 1787, lokacin Thomas Jefferson yana jakada a Faransa, ya rubuta wa wani abokinsa cewa da za a ba shi zaɓi tsakanin gwamnati ba jaridu da jaridu ba gwamnati, na biyun zai ɗauka. 'Yan jaridar Amurka har gobe suna ji da wannan magana. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, a shekarun adawarsa da shugaban ƙasa John Adams, Jefferson yana da wani marubuci mai kaifin alƙalami, James Callender, wanda yake ɗan yi wa ihsani a ɓoye, shi kuma yana ragargazar Adams. A 1798 gwamnatin Adams ta yi dokar da ta haramta rubutun ɓatanci ga gwamnati, a 1800 aka ɗaure Callender wata tara a ƙarƙashinta. Da Jefferson ya hau mulki a 1801 ya yi masa afuwa. Sai Callender ya ce to a saka masa, a ba shi shugabancin gidan waya na birnin Richmond. Aka hana shi. A watan Satumbar 1802 ya buga a jarida cewa shugaban ƙasa yana da 'ya'ya da baiwarsa Sally Hemings. Maganar da aka shafe kusan shekara ɗari biyu ana musunta, har gwajin ƙwayoyin halitta na 1998 ya ƙarfafa ta. A 1807 Jefferson ɗin nan dai ya rubuta cewa babu abin da mutum zai gani a jarida ya yarda da shi.

Ku gaya min ina doya ina manja a nan.

'Yar Damagaram:
Baba Edita, wannan ai labarin maroƙi ne. In an ba shi, kirari. In an hana shi, zambo. Ban ga sabo da kaza a ciki ba, don mai yanka kaza ba haushinta yake ji ba. Baƙo ya yi, ko Sallah ta zo. Shi kuwa Callender fushi ya yi. Game da Jefferson kuma, tasa karin maganar daban ce: wanzami ba ya son jarfa.

Tsohon Edita:
Kin kama ni, 'yata. Na yarda rabin labarin na maroƙi ne. Amma ki lura, zambon ya zama gaskiya. Wannan ne abin da ke ɗaure wa masu mulki kai: mugun nufin mai kawo labari ba ya mayar da labarin ƙarya.

Hajiya Mai Kaji:
Ku yi haƙuri in sa baki, tun da ana maganar sana'ata. Kuna ta cewa sabo "ba ya hana" yanka, kamar sabon wani shinge ne da wuƙa ke tsallakewa. Duk mai kiwo ya san ba haka ba ne. Ranar da za a yi yanka, wadda ta saba da kai ita ake fara kamawa. Ka watsa tsaba, ta taho da kanta har ƙafarka. Mai gudun mutane kuwa sai an tara yaran unguwa, wani lokacin ma a haƙura da ita. To ni tambayata, a cikin mutanen nan wa ke watsa tsabar?

Bazazzagi:
Hajiya, wallahi kin buɗe min ido. Ni da na kawo maganar, shugaban na ɗauka kaza, ɗan jarida mai wuƙa.

Malam Na Ƙofar Mata:
Ai nan gizo ke saƙar. Hajiya ta yi tambayar da ta fi ta farko. Tsabar da ke hannun shugaba ita ce kusanci: kujera a jirginsa, hira ta kai kaɗai, labarin da za a raɗa maka kafin kowa ya ji. Franklin Roosevelt gwani ne a nan. A shekara 12 ya yi taron manema labarai kusan dubu, sau biyu a mako, suna tsaitsaye a gaban teburinsa yana kiran su da sunayensu, ana raha. Mutumin nan tun 1921 ƙafafunsa suka shanye, da keken guragu yake yawo, amma hotunansa a kan keken da suka rage a duniya 'yan ƙalilan ne. Masu ɗaukar hoto sun kau da kai, wanda ya ƙi kuma masu tsaro su hana shi. Masu jaridun da yawa suna adawa da shi, irin su Robert McCormick na Chicago Tribune, amma wakilansu da ke fadar ya saye zukatansu. John Kennedy ma haka. Ben Bradlee, wanda daga baya ya zama editan Washington Post, amininsa ne, iyalansu suna cin abinci tare. Harkokin matan Kennedy ba su fito a jarida ba yana raye. A waɗannan biyun ba a yi yanka ba sam. Sabo ya hana.

'Yar Damagaram:
Malam, ke nan karin maganar ta faɗi jarrabawa?

Malam Na Ƙofar Mata:
Karin magana ba doka ba ce, 'yata. Cewa ta yi kada ka dogara da sabo. Ba ta ce kowace kaza sai an yanka ta ba.

Tsohon Edita:
Bari in ba Hajiya amsarta da misalin da har yau in na tuna raina ke ɓaci, don a nan mu ne kajin. Ranar 8 ga Satumbar 2002 New York Times ta buga a shafin farko cewa Iraƙi na neman wasu bututun ƙarfe don haɗa makamin nukiliya. Majiyar labarin jami'an gwamnatin George Bush ne da ba a faɗi sunayensu ba. A ranar nan mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney ya shiga talabijin yana kafa hujja da jaridar. Ka ba mutum magana a ɓoye, ya buga, sannan ka fito ka ce ba ni na faɗa ba, ga shi a jarida. Aka shiga yaƙi a watan Maris na 2003, makaman ba a same su ba. A watan Mayun 2004 editocin suka fito suka amsa cewa ba su tsananta bincike yadda ya kamata ba. Judith Miller, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta labarin, ita ce kuma a 2005 ta yi kwana 85 a tsare saboda ta ƙi faɗin sunan majiyarta a wata shari'a, majiyar kuwa shugaban ma'aikatan Cheney ne. A ƙarshen shekarar ta bar jaridar. Tsaba ta ci, har ƙafar mai wuƙa ta je.

Ɗan Zongo:
To shugaba Richard Nixon fa? Kowa ya san 'yan jarida biyu ne suka kayar da shi, kuma babu wani sabo tsakaninsu. Wannan ya rushe maganar Bazazzagi.

Tsohon Edita:
"Kowa ya sani" ɗin nan ne matsalar. An kama mutum biyar da suka fasa ofishin jam'iyyar adawa ta Democrat a ginin Watergate ranar 17 ga Yunin 1972. Woodward da Carl Bernstein sun bi sawun kuɗin, sun yi aiki, ba mai ƙwace musu. Amma duk da rubuce-rubucensu, a zaɓen watan Nuwamba Nixon ya lashe jihohi 49 cikin 50. Abin da ya kayar da shi shi ne alƙali John Sirica da ya matsa wa waɗanda aka kama, da kwamitin majalisar dattawa inda a Yulin 1973 wani hadimin Nixon ya faɗi cewa akwai na'urar naɗar magana a ofishinsa, da Kotun Ƙoli da ta tilasta masa miƙa faya-fayan a Yulin 1974. Muryarsa ce ta yanka shi, ya sauka ranar 9 ga Agusta. Haushinsa kuwa a kan 'yan jarida ya fi sauka, tun 1962 da ya faɗi zaɓen gwamnan Kalifoniya ya ce musu daga yau ba su da Nixon da za su riƙa shuri. Karin maganarsa ita ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Sabon kuma yana nan, ba ka duba wurin da yake ba ne. Majiyar Woodward ta sirri, wadda sai a 2005 aka san ko wace ce, Mark Felt ne, mutum na biyu a hukumar binciken manyan laifuka ta FBI. Woodward ya san shi tun yana sojan ruwa, kafin ya shiga aikin jarida. Felt kuma an tsallake shi wajen naɗa shugaban hukumar bayan rasuwar Edgar Hoover a watan Mayun 1972. Shi ma da tsabarsa a hannu.

'Yar Damagaram:
Ni da "mai kaza a aljihu ba ya jimirin as" zan ba Nixon. Mutumin da aka rubuta masa jerin sunayen maƙiya har da 'yan jarida a ciki, tun kafin asiri ya tonu, ai ya san abin da ke aljihunsa.

Hajiya Mai Kaji:
Kai, yau kaji sun ga ta kansu a zauren nan.

Malam Na Ƙofar Mata:
Hajiya, ai ke kika fi mu riba. Amma kada a tafi da tunanin cewa masu baƙin jini kaɗai ke zare wuƙa. Barack Obama ya iya raha da su a liyafar shekara-shekara ta wakilan fadar, kowa na dariya cikin baƙar kwat. A zamaninsa ne kuma, a 2013, aka gano ma'aikatar shari'a ta karɓi bayanan kiran waya na wata biyu na ma'aikatan kamfanin dillancin labarai na AP a asirce, tana neman wanda ya fitar da wani sirri. Ita liyafar ma New York Times ta daina zuwa tun bayan ta 2007, don tana ganin cin abinci da wanda kake sa wa ido yana zubar da ƙima a idon mai karatu.

Inda nake ganin karin maganar ta gaza shi ne, kazar Amurka tana da lauya. A 1971 gwamnatin Nixon ta je kotu ta hana buga takardun sirri na yaƙin Vietnam, Kotun Ƙoli ta ce a buga, alƙalai shida a kan uku, cikin kusan mako biyu da fara rigimar. Bahaushen da ya yi karin maganar bai san da kazar da za ta kai mai gida ƙara ta yi nasara ba. Shi ya sa har yanzu nake riƙe da doya da manja.

Tsohon Edita:
Lauya na kare ka daga gwamnati, Malam, ba ya kare ka daga mai jaridar. Jeff Bezos ya sayi Washington Post a 2013 kan dala miliyan 250. A Oktoban 2024, saura kwanaki kaɗan zaɓe, ya hana ta bayyana goyon bayan kowane ɗan takara, alhali an riga an shirya rubutun goyon bayan Kamala Harris. Masu biyan kuɗin karanta ta fiye da dubu ɗari biyu suka janye. Ba shugaban ƙasa ya zare wuƙa ba a nan, mai akurkin ne da kansa.

Bazazzagi:
Na gode, iyayena. Gobe zan gaya wa abokina Malam Na Ƙofar Mata yana bayansa, amma ba zan gaya masa na zo da kazar a juye ba sai da Hajiya ta gyara min.

Ɗan Zongo:
Malam, yanzun nan na sa aka dafa min doya na zuba manja na gutsura. Cikin fari ne kamar yadda ka ce. Amma da na dagargaza ta da cokali, wallahi duk ta koma ja. Wannan kuma me dattawan suka ce a kai?