Na Sayi Littafi da Kuɗina, Shin Ina da Damar Cire Makullinsa?

Ɗalibi daga Gwale: Assalamu alaikum. Malamai da 'yan'uwa, ina neman haske. Na sayi littattafan karatu huɗu daga wani kantin intanet na ƙasar waje, na biya da dala, amma ba sa buɗuwa sai a cikin manhajar kamfanin, ita kuwa ta daina aiki a tsohuwar wayata. Wani abokina ya ce zai iya cire makullin da ake kira DRM, ya mayar mini da su PDF. Shin hakan laifi ne a doka, kuma ya halatta a addini?

Lauya daga Nasarawa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a yawancin waɗannan kantuna izinin karanta littafin ka saya, bisa sharuɗɗan da ka amince da su lokacin da ka danna maɓallin biya. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta hana karya irin wannan kariya, kamar yadda dokar Amurka ta 1998 ta hana. Akwai sassauci ga makafi bisa Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, amma tsufan waya bai shiga ciki ba. Ka fara rubuta wa kamfanin tukuna.

Malamin makaranta daga Fagge: Barista, a gafarce ni, amma mai saye ma yana da nasa kukan. A 2009 Amazon ta goge littattafan George Orwell daga na'urorin Kindle na mutanen da suka biya kuɗinsu, kuma a 2019 Microsoft ta rufe kantin littattafanta, littattafan suka daina buɗuwa, ko da yake ta mayar da kuɗi. Littafin da mahaifina ya saya a Kasuwar Kurmi har yau yana ɗakina, babu wanda zai iya kulle mini shi. Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta tabbatar da haƙƙin mawallafi a zamanta na Kuwait a 1988, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu, wannan ba na musu. Sai dai zuciyata ba ta yarda a kira wanda ya ajiye kwafi don kansa kaɗai ɓarawo ba.

Marubuciya daga Tarauni: Malam, matsalar ita ce kwafin ba ya tsayawa a hannun mutum ɗaya. Na shafe wata bakwai ina rubuta labari, na sayar wa mutum kaɗan, kafin sati ya zagayo sai ga shi a zaurukan WhatsApp kyauta, har an goge sunana daga shafin farko. Ƙanena, abokin nan naka da zai cire makullin, ka tabbata ba zai bar kwafi a kwamfutarsa ba?

Ɗalibi daga Gwale: Gaskiya Hajiya, ban yi tunanin wannan ba, domin shago gare shi na tura littattafai da finafinai a waya. Zan bi shawarar Barista in rubuta wa kamfanin a daren nan.