Neman shawara: hoton duwatsun zobe ba ya fita yadda ido ke gani

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina saida zobban azurfa masu dutse nan Sakkwato, akik da fairuz, sai ɗan amatis da ake kawo mani daga Jos. Ciniki yanzu ya koma WhatsApp, kuma hoto ke kashe mani kasuwa. Dutse shina ƙyalli a hannu, in na ɗauka sai wani farin tabo ya zauna tsakiyarshi, ko in hango wayata ciki. Amatis mai launin shunayya kuwa shuɗi yake fitowa, har wata Hajiya ta maido zobe ta ce ba shi ta gani ba. Mi zan yi? Ba ni da kuɗin kyamara.

Mai hoton biki, unguwar Mabera: Wa alaikumus salam Alhaji. Wayarka ba ta da laifi. Gogaggen dutse madubi ne, abin da ke gabanshi yake nuna maka, wannan tabon kuwa filas ne ko ƙwan lantarki. Kashe filas, kashe ƙwan shago. Zauna kusa da taga ko bakin zaure inda rana ba ta bugawa kai tsaye, da hantsi ko bayan la'asar. In hasken ya yi ƙarfi, rataya farin yadi marar kauri a tagar. Ɗayan gefen ka jingina farar takarda ta maido haske. Kada ka manna waya jikin zobe, yawancinsu ba sa kama abu ƙasa da santimita 8 zuwa 10. Ja baya, ka jawo hoton sau 2, ka dangwala dutsen a fuskar waya, ka ɗan rage haske. Aza wayar bisa littattafai ka sa ta ɗauka bayan daƙiƙa 3, hannu na rawa ko ba ka ji ba.

Mai tambaya: Madalla. To wayar da nike gani cikin dutsen fa?

Mai hoton biki: Huda farin kwali daidai idon kyamara, ka ɗauka ta cikin hudar. Dutsen zai ga fari, ba zai ga waya ba.

Wata mai saida sarƙoƙi, unguwar Gawon Nama: Yaya, ka goge dutsen da tsumma mai laushi kafin kowane hoto. Lokacin hunturu ƙura na sauka kafin ka miƙe, kuma shatin yatsa na fitowa ɓaro-ɓaro. Ni ina ɗan shafa mai, ƙyalli ya ƙaru.

Wani dattijo maƙerin azurfa: 'Yata, ban yarda da shafa mai ba. Fairuz shina shan mai, launinshi ya juya kore, kuma mai na ɓoye tsagar da mai saye ya kamata ya gani. Tsumma ya isa. Kai kuma ɗana, kada ka ɗauki hoton duwatsun duka ta hanya guda. Akik haske ke ratsa shi, in bai hau zobe ba haska shi ta baya da 'yar tocila, jijiyoyinshi su bayyana. Fairuz ba ya son haka. Amatis mai fuskoki da yawa sai ana juya shi yake walƙiya, don haka ɗan bidiyo ya fi mashi.

Ɗalibi a jami'ar Ɗanfodiyo: Baba ya faɗi daidai. Batun shunayya kuma, kyamarar waya takan rikita shi da shuɗi, fitilar caji mai shuɗin haske na ƙara ɓata shi. A aza zoben bisa takarda mai ruwan toka, ba jan karan-miski ba, don waya na gyara launi gwargwadon abin da ya cika hoton. Bayan an ɗauka, a riƙe zoben kusa da waya a gwada, a ɗan ƙara ɗumin launi har su yi daidai, a tsaya nan. Wajen turawa a danna alamar HD ta ingancin hoto, ko a tura shi a matsayin fayil, WhatsApp na matse hoto.

Mai tambaya: Allah shi saka da alheri. Malam na Mabera, kwalin sabulu zai yi, ko sai na sayi na musamman?

Mai hoton biki: Zai yi, juya farin gefen na ciki ya kalli zoben.