Gajeren hutun Sallah ne ya kashe kasuwa a Daura, ko aljihu ne ya bushe?

Daga zauren 'yan kasuwar Daura na WhatsApp, kwana huɗu bayan Ƙaramar Sallah.

Alhaji Sale mai masauki: Assalamu alaikum. Na faɗa bara, zan sake faɗa. Hutun kwana biyun nan da gwamnatin tarayya ke bayarwa shi ya kashe mu. Daren Sallah ɗakunana duk da mutane. Ana tashi daga hawan Magajiya, hawan dawakin washegarin Sallah, sai makullai a kan tebur, kowa ya kama hanyar Kano da Abuja, wai gobe ofis. Yaran da na ɗauko su taya ni aikin mako guda, jiya na sallame su.

Malam Habu tela: Wa'alaikumus salam. Alhaji, da girmanka, ban yarda ba. Yaushe aka saba ba da hutun Sallah mai tsawo? Kwana biyun muka taso muka tarar, kuma da shi garin nan yake cika har ka rasa inda za ka sa ƙafa a ƙofar fada. Abin da ya canza kuɗin mota ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, mai iyali shida da ke Abuja sai ya yi lissafi sau uku kafin ya taso.

Ɗanlami mai kilishi: Malam Habu, kai ai daren Sallah ka gama cin kasuwarka, ka rufe shago ka kwanta. Mu a lokacin muke farawa. Ranar idi ba mai sayen kilishi, kowa na gidansu gaban tuwon Sallah. Rana ta biyu kallon dawaki. Sai ta uku da ta huɗu baƙo ke samun kansa: ya kwashi yara zuwa rijiyar Kusugu, a ba su labarin Bayajidda da macijiya, su ɗanɗani ruwan, a fito a tsaya wurina a ɗaure tsaraba. Ranakun da aka yanke su ne na cinikina. Tun ana azumi na ci bashin nama wurin mahauci, na shanya, na tsoma a labu, na gasa. Ga shi nan rabi a nannaɗe cikin takarda yana kallona.

Hajiya Indo mai alkaki: Wallahi Ɗanlami ya faɗi gaskiya. Gara shi ma, kilishi na jira. Nakiya da alkaki ma sa yi haƙuri. Amma ƙanwata mai fura, nonon da ta saro na kwana uku fa?

Malam Habu tela: Allah Ya mayar da alheri, Hajiya. To amma ku amsa mani wannan. Sallar Gani hutun Maulidi kawai gare ta, amma Daura na cika maƙil. Me ya sa?

Alhaji Sale mai masauki: Cika daban, ciniki daban. 'Yan Gani yawancinsu daga Zango, Sandamu, Mai'aduwa da Ɓaure suke, su zo da safe su koma da yamma, ko su kwana gidan dangi. Ka taɓa ganin mutumin Sandamu ya kama ɗaki a Daura?

Malam Lawal direba: Ku duka kun bar babbar magana. Daga 2015 zuwa 2023 shugaban ƙasa ɗan garin nan ne. In marigayi Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya zo Sallah gida, gwamnoni da ministoci da 'yan jarida da jami'an tsaro duk nan suke yini, wasu su kwana. Wancan cinikin ba na hutu ba ne, na mulki ne, kuma ya tafi. Sannan mutanen Damagaram da Matamaye da ke shigowa ta iyakar Kwangwalam, rufe iyaka na 2019 da na bayan juyin mulkin Nijar a 2023 sun karya masu sabo.

Ɗanlami mai kilishi: Amin. Ban musa ba, Yaya Lawal. Amma ko a 2020 da korona ta hana hawa, na san dalilin asarata. Bana kuwa baƙon ya zo, na gan shi da idona, kuɗinsa na aljihu, lokacin tsayawa ne babu. Wani har ya leƙo ta gilashin mota ya ce in yi haƙuri, dare zai yi masa a hanya.

Malam Habu tela: Wannan ba hutu ya kore shi ba, tsoron tafiyar dare ne.

Alhaji Sale mai masauki: Da yana da gobe a hannunsa ai da ya kwana, ya tashi da asuba. Ka dawo kan maganata ke nan.

Malam Habu tela: Ban dawo ba, Alhaji. Ɗanlami, wanda ya rage ɗin nawa za ka bar mani ƙulli biyu?

Ɗanlami mai kilishi: Kai da ka ce aljihu ya bushe? Turo yaro bayan la'asar.