Motar Tsere a Dusar Ƙanƙara: Abin da 'Yan Uwa Suka Faɗa

Assalamu alaikum. Ga abin da na tattaro daga hirar da aka yi kan motar Mustang ta ɗan uwanmu da zai shiga hunturunsa na farko a birnin Montreal na ƙasar Kanada.

1. Kowa ya yarda a sa tayoyin hunturu, kuma duka huɗun. Da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, robar tayar bazara takan ƙandare, ta daina kama titi. Mota irin Mustang da tayoyin baya ke tura ta kuwa, kana taɓa totur a kwana bayanta ya zame. A Quebec ma, lardin da Montreal yake, sa tayoyin hunturu doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

2. A duba gefen taya: hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki shi ne alamar tayar hunturu. Rubutun M+S (wato laka da dusa) kaɗai bai wadatar ba.

3. Siririyar taya ta fi faffaɗa yanka dusa. Wannan ya ba ni mamaki, amma waɗanda suka daɗe a can duk haka suka ce.

An rabu kan tayoyi masu ƙusoshi. Mazauna ƙauye sun ce a daskararren titi ba kamarsu. 'Yan birni sun ce ƙara ce kawai a kan kwaltar da aka share. A Jamus ma an haramta su.

Buhun yashi a but ma an ja: wasu na sawa don tayoyin baya su ƙara kama titi, wasu na tsoron nauyinsa a kwana.

Wasu kuma sun ce a ajiye motar sai bazara, don ƙirjinta na ƙasa, dusa mai zurfi kafe ta take yi, gishirin titi kuma ya ci ƙarfenta. Ni dai da su na fi karkata.