Taƙaitawa: yadda rajistar asibiti ke zama bayanin da za a yi aiki da shi

Jama'a, tattaunawar ta yi tsawo, ga abin da na tsamo daga bakin ma'aikatan lafiya na Sakkwato.

1. Kowa ya yarda daga rajista gyara yake farawa. Abin da aka rubuta ba daidai ba a asibitin ƙauye, haka zai bi fom ɗin wata-wata ya shiga DHIS2 (manhajar da ake tattara bayanan lafiya a cikinta), kwamfuta ba ta gyara shi.

2. Gurbin da aka bari fayau daban yake da sifili. Sifili na nufin ba a samu ko ɗaya ba, fayau kuwa ba a kawo rahoto ba.

3. Nan aka fi daɗewa, kuma ya cancanta. Adadi shi kaɗai ba ya nuna komai sai an auna shi da wani. Misali, yara 200 sun karɓi zagayen farko na allurar rigakafin Penta (Penta 1), 150 suka kai zagaye na uku (Penta 3): a cire, a raba 50 da 200, kashi 25 cikin ɗari ke nan suka ɓace a hanya. In ya haura kashi 10, a shiga unguwanni neman yaran. Zazzaɓin cizon sauro na Satumba kuma a gwada shi da Satumbar bara, don damina ke ɗaga shi.

4. A'isha, Aisha, Aishatu: yarinya ɗaya, layi uku. A riƙa bin lambar kati.

An rabu kan ko a riƙa rubuta bayanan a takarda ko a waya. Wasu sun ce a koma waya kacokan, wasu suka ce inda babu sabis da wutar caji, rajista ce madogara. Mafi yawa sun zaɓi a haɗa biyun, ni ma nan na tsaya.