Gwiwar ɗiyata ta ƙi miƙewa: wace tiyata za a fara?

Assalamu alaikum. Likitocin ƙashi da iyayen da suka taɓa shiga wannan hali, ku taimaka min.

Ɗiyata shekararta 11, tana da shanyewar gaɓɓai tun haihuwa. Gwiwoyinta biyu ba sa miƙewa sosai, likita ya auna ya ce ta dama ta tanƙware digiri 20, ta hagu 15. A duƙe take tafiya, kafin ta kai bakin titi ta gaji, ƙoƙon gwiwar yana mata ciwo.

Mun yi wata takwas muna zuwa gashi. An ɗaura mata siminti sau uku, na ƙarshen ya ci mata dunduniya har ya yi gyambo, aka cire. Cikin wata biyu gwiwar ta koma gidan jiya.

Yanzu likitoci biyu sun saɓa. Ɗaya ya ce a tsawaita jijiyoyin bayan cinya. Ɗayan ya ce a ɗaura ƙananan ƙarafuna a gaban ƙashin cinya, daidai inda yake girma, don gwiwar ta miƙe sannu a hankali. Amma ya ce dabarar ba ta aiki sai da sauran girma, ga shi yarinyar ta fara alamun balaga.

A shekarunta, ƙarafunan za su iya miƙe digiri 20 kafin girmanta ya tsaya?